Itacen alo da na dasa a Jos ya fara laushi daga gindi, ina neman shawara

Malam Habibu, Jos:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san itacen alo, wato irin alo ɗin nan, ɗan'uwan alobera, da ke yin ganga da rassa kamar bishiya, wanda aka ce asalinsa daga kudancin Afirka yake. A watan Fabrairun bana na saye shi a wurin wani mai sayar da furanni, tsayinsa a lokacin bai wuce ƙuguna ba, kuma mutumin ya tabbatar mini cewa ba ya buƙatar komai sai rana. Na haƙa rami a bayan ɗaki, na cuɗa jar ƙasar gidan da kashin shanu, na dasa shi, kuma duk tsawon bazara ya yi kyau har ya fitar da sababbin ganye. Tun da marka ta kankama a watan Agusta na ga ganyen ƙasa sun fara komawa ruwan ɗorawa suna saki. Jiya da safe na danna gindinsa da babban yatsa, sai wurin ya lotsa kamar gwandar da ta nuna ta wuce, wani ruwa mai wari ya tsattsafo. Saman yana nan kore shar. Shin akwai sauran dabara, ko kuwa in haƙura da shi?

Hajiya Rabi, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Allah ya sa a dace. Abin da ka kwatanta ruɓewar gindi ce, kuma ruwan da ya kwanta a ramin ne ya jawo ta. Jar ƙasa mai laka idan aka haƙa rami a cikinta, ramin yakan zama tamkar randa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, ga kuma kashin shanu da ke riƙe laima. Ni ma haka na yi asarar tsiron kariya guda uku a daminar farko da na fara kiwon irin waɗannan tsirrai masu adana ruwa a jikinsu. Kafin a ba ka shawara mai amfani, ka faɗa mana yadda ganyen yake da kuma launin ɓawon gangar, domin itacen alo ba iri ɗaya ba ne.

Malam Habibu, Jos:

Na gode, Hajiya. Ganyen dogaye ne, kore mai duhu, suna lanƙwasowa ƙasa, tsakiyarsu ta lotsa kamar indararo, kuma akwai ƙananan ƙayoyi a gefensu. Ɓawon gangar toka-toka ne, mai santsi.

Dakta Nasiru, Durban:

Malam Habibu, bisa wannan kwatance naka, itacen da ke hannunka shi ne wanda masana ke kira Aloidendron barberae, kuma wannan labari ne mai daɗi a gare ka, domin shi ne ya fi sauran jure ruwa, shi ne kuma ya fi saurin yin saiwa idan aka yanka reshensa aka dasa. Shekaru nake zaune a nan, ina ganinsa kullum a lambunan gidaje da bakin tituna, wasu sun fi rufin bene tsayi. A dajinsa na asali, wato gabashin Afirka ta Kudu daga lardin Gabashin Kef zuwa KwaZulu-Natal, har Eswatini da Mozambik, yana iya kaiwa mita 18, kuma shi ne mafi tsayi a dangin alo na Afirka. Da can duk ana haɗa su cikin jinsin Aloe, sai a shekarar 2013 masana suka ware masu zama bishiya suka ba su sunan Aloidendron.

Abin da nake so jama'a su lura da shi shi ne inda itacen ke fitowa. Wannan yanki yana samun ruwan sama sosai a lokacin zafi, Durban kanta tana samun kusan milimita 1,000 a shekara, saboda haka ruwan sama ba baƙonsa ba ne. Sai dai idan ka je inda yake tsirowa da kansa, za ka tarar da shi a gangaren tsaunuka da gefen kwazazzabai, inda ruwa ke zuba ya wuce nan take. Ruwa mai wucewa ba ya cutar da shi, ruwa mai kwanciya ne ke kashe shi. Mai sayar da furannin da ya ce maka rana kawai yake buƙata ya faɗi rabin magana ne, ya bar rabin da ya fi muhimmanci ga mutumin Jos, inda ruwan shekara ya zarce na nan.

Game da ceto shi kuwa, kada ka jira ko kwana ɗaya. Ka samu wuƙa mai kaifi, ka ƙona bakinta a wuta, ka yanke gangar a sama da inda ya ruɓe. Ka dubi wurin yankan da kyau, idan ka ga ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a ciki, ka sake ƙona wuƙar ka ƙara yankewa sama, har sai ka isa inda cikin yake fari tas babu tabo. Daga nan ka barbaɗa garin farar wuta a kan yankan, ka jingine shi a tsaye a wuri mai inuwa da iska, inda ruwa ba ya taɓa shi, har bakin ya bushe ya yi tauri. A nan mukan ba shi mako biyu zuwa uku, amma ku da kuke cikin marka, iska cike da laima, zai fi kyau ka ƙara masa lokaci.

Alhaji Mamman, Damagaram:

Barkanku da wannan tattaunawa. Dakta, ni ina da ja a kan maganarka ta cewa ruwan sama ba baƙonsa ba ne. Na taɓa ganin hotunan itacen alo a hamadar Namibiya, yana tsaye a kan baƙaƙen duwatsu, babu ko ciyawa a kusa da shi. Itacen da ke rayuwa a irin wannan wuri, a ganina, duk ruwan da aka ba shi cuta ne. Da ni ne Malam Habibu, bayan na yanke shi zan dasa shi cikin yashi zalla a ƙarƙashin rumfa, in manta da shi har sai shekara ta zagayo. Mu nan mun san halin tsirran fako, yawan kulawa ne ke kashe su.

Dakta Nasiru, Durban:

Ranka ya daɗe, Alhaji, abin da kuka gani gaskiya ne, amma wani itacen ne daban. Wanda ke hamadar Namibiya da lardin Arewacin Kef shi ne Aloidendron dichotomum, wanda mutanen can ke kira kokerboom, ma'ana itacen kwari, saboda mafarautan kabilar San sukan rarake rassansa su yi kwarin zuba kibau. Akwai wani kurminsa sananne kusa da garin Keetmanshoop a kudancin Namibiya, inda ruwan shekara bai kai milimita 200 ba. Na je na gan shi da idona. Ɓawon gangarsa ruwan zinariya ne, yana tsattsagewa zuwa sala-sala masu kaifi da za su iya yankar hannu, rassan kuma suna da wata farar hoda da ke mayar da hasken rana, idan ka shafa sai ta manne maka a tafin hannu kamar alli. Ganyensa gajeru ne masu launin shuɗi-shuɗi, furensa rawaya, yayin da furen na Malam Habibu, idan Allah ya raya shi, zai fito ne da launin ja mai haske, wato ruwan hoda.

Shawararku ta dace da wancan na hamada ɗari bisa ɗari. Amma idan aka yi wa barberae haka, ba zai mutu da wuri ba, sai dai zai tsaya cak, ganyen su yamutse, ya shekara bai ƙara ko taƙi ɗaya ba. Wannan kuskuren ne nake ganin ya fi yawa a tsakanin masu sayen tsirrai, da zarar an ce abu yana jure fari, sai a ɗauka duk halinsu ɗaya, alhali kowanne yana tafe da halin ƙasar da ya fito.

Alhaji Mamman, Damagaram:

Na fahimta, Dakta, kuma na karɓi gyara. To ke nan wancan na hamadar shi ya fi dacewa da mu a nan, tunda ruwanmu kaɗan ne, ƙasarmu kuma jigawa ce?

Dakta Nasiru, Durban:

Ta fuskar ƙasa da hasken rana, kun fi Jos dacewa da shi nesa ba kusa ba. Abin da zan ja hankalinku a kai shi ne, ruwanku ko da kaɗan ne yana zuba ne a dunƙule cikin Yuli da Agusta, a lokacin da dare ma yake da ɗumi, kuma haɗuwar zafi da laima ita ce ke ruɓar da wannan itace. Ko a nan Durban ba ya yin kyau a fili saboda wannan dalili, masu sha'awarsa a tukunya suke ajiye shi a ƙarƙashin rufi. Akwai dalili a jikin tsiron kansa. Dangin alo suna rufe ƙofofin numfashin ganyensu da rana don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi su buɗe su shaƙi iskar da suke haɗa abinci da ita, kuma wannan tsari ya fi yi musu aiki idan dare ya yi sanyi. Darenku na hunturu zai yi masa daɗi ƙwarai. Sannan shi ba ya saurin kamawa daga reshe, daga iri ake shuka shi, kuma girmansa a hankali ne, mutum zai yi shekaru da dama kafin ya ga reshe na farko ya rabu biyu.

Baba Ɗanjuma, Zariya:

'Ya'yana, ina biye da ku tun farko. Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba, wato yadda Hajiya ta ɗora laifi a kan taki. Shekara arba'in ina dashen mangwaro da gwaiba da lemo, ban taɓa sa itace a rami ba tare da taki ba. Itacen da aka ce zai kai tsayin bene, da me zai gina jikinsa idan an hana shi abinci? Ni ina ganin matsalar ramin ce kaɗai. Da ya zuba tsakuwa a ƙasan ramin kafin ya dasa, da ruwan ya tsiyaye.

Hajiya Rabi, Kano:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba takin kansa nake ƙi ba, ɗanyensa nake ƙi. Kashin shanun da bai gama ruɓewa ba yana riƙe ruwa kamar soso, yana ɗaukar zafi, kuma yana kiran gara, ita kuwa gara idan ta samu saiwar da ta fara lalacewa sai ta bi ta har cikin ganga. Mangwaro yana da saiwa mai ƙarfi da ke nutsewa ƙasa, shi kuwa alo saiwoyinsa masu taushi ne, cike da ruwa, kuma a sama-sama suke bazuwa. Takin da ya shekara ya koma baƙar ƙasa mai warwarewa a hannu, wannan ba ni da ja a kansa, in dai kaɗan ne.

Maganar tsakuwa a ƙasan rami kuwa, ku yi mini haƙuri, Baba, na gwada ta kuma ba ta yi mini aiki ba. Idan bangon ramin da ƙasansa laka ce, ruwa zai cika tsakanin tsakuwar ya tsaya a nan, domin babu inda zai bi. Ko a tukunya ma, ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa shimfiɗar tsakuwa, sai ƙasar ta jiƙe sharkaf tukuna, saboda haka shimfiɗar tana matso da laimar kusa da saiwa ne kawai. Abin da na koma yi shi ne cuɗa tsakuwar cikin ƙasar gaba ɗaya. Nakan ɗebi yashin rafi mai manyan ƙwayoyi kashi biyu, burji ko ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, ƙasar lambu da tsohon taki kashi ɗaya, in ƙara ɗan dakakken gawayi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in jiƙa haɗin in dunƙula a hannu, idan na buɗe tafina ya wargaje to ya yi, idan ya tsaya curi kamar fura to yashi bai isa ba.

Baba Ɗanjuma, Zariya:

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Maganar gara gaskiya ce, na sha ganin haka a dashen gwanda. A kan tsakuwa dai zan gwada da kaina kafin in sallama. Amma tunda rami ne matsalar, me zai hana a bar ramin gaba ɗaya, a yi masa tudu kamar yadda ake yi wa doya? Mutanen Filato ai sun san wannan, ga kuma duwatsu ko'ina a garinsu.

Dakta Nasiru, Durban:

Baba, wannan ita ce shawarar da ta fi kowace a zauren nan, kuma haka masu lambu ke yi a nan duk inda ƙasa take da laka. A tara tudu mai tsayin kamar rabin mita da irin haɗin da Hajiya ta bayyana, a kewaye shi da duwatsu don kada ruwa ya zaizaye shi, a dasa itacen a ƙololuwa, kuma kada a binne gangar fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da. A kan taki kuma ina tare da ku, domin barberae yana son ƙasa mai ɗan ƙarfi, kuma idan ya samu ruɓaɓɓen taki a farkon damina yakan yi saurin girma fiye da yadda mutane ke zato. A barbaɗa shi a sama, nesa da gangar da kamar taƙi guda.

Malam Habibu ya ce a bayan ɗaki ya dasa, to wannan ma sai an sake dubawa. Na farko, ruwan indararo na iya zama shi ne ke zuba a wurin. Na biyu, gindin wannan itace yana kumbura ya yi faɗi sosai idan ya manyanta, na ga inda ya tsaga katanga ya ɗaga daɓen tsakar gida. A ba shi tazarar aƙalla mita uku ko huɗu daga kowane gini.

Malama Zainab, Kaduna:

Ina da tambayoyi biyu. Shin ana iya amfani da ruwan ganyensa a fata ko a sha kamar na alobera? Sannan ina da ɗan'uwa da zai dawo daga Afirka ta Kudu, zan iya sa shi ya taho mini da ƙarami a jaka?

Dakta Nasiru, Durban:

Malama, a bar shi a matsayin itacen ado. Alobera daban ce, kuma wanda ake tatsar ruwansa mai ɗaci don magani a nan wani ne mai suna Aloe ferox. Rawayan ruwan da ke fita daga ganyen dangin alo yana sa gudawa mai tsanani, bai kamata a yi gwaji da shi ba, musamman ga mai juna biyu da yara.

Batun jaka kuwa, kada ki sa ɗan'uwanki cikin matsala. In ban da alobera, dangin alo suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, saboda haka fitar da su sai da takardar izini, kuma a Najeriya ma hukumar killace amfanin gona tana neman izinin shigowa da takardar shaidar lafiyar tsiro. Dokar tana da dalili. Akwai ɗan'uwan kokerboom mai suna Aloidendron pillansii a yankin Richtersveld, kan iyakar Afirka ta Kudu da Namibiya, wanda ya kusa ƙarewa, kuma masu tumɓuke ƙanana daga daji suna cikin abin da ya jawo haka. Ga kuma haɗarin shigo da wani ƙanƙanin ƙwaro da ido ba ya gani, wanda ke sa ganye da fure su yi ƙullutu kamar ciwon daji, wanda idan ya kama sai an yanke wurin an ƙona. Hanya mafi sauƙi ita ce ki jira na Malam Habibu ya yi rassa ki roƙi ɗaya.

Hajiya Rabi, Kano:

Kuma kafin nan, Malama Zainab, muna da namu alo na gida da ke fitowa a dajin Arewa, wanda ake kira zabuwa ko kabar giwa, mai ɗigo-ɗigo a ganye kamar jikin zabo. Ba ya zama bishiya, amma ya san daminarmu da raninmu, kuma da shi ya fi kyau mutum ya koyi hannu. Ga masu zama a Kano da makamantanta kuma, ƙaramin barberae yana ƙonewa a ranar Afrilu idan zafi ya haura digiri 40, ganyen su yi fari-fari su bushe daga baki. A ajiye shi inda zai sha hantsi ya samu inuwa bayan azahar har ya yi shekara biyu, a shayar da shi sosai sau ɗaya a mako ko kwana goma a bazara, kuma kada a ƙara sai an tura yatsa cikin ƙasar an ji ta bushe. Idan farin ƙwaron nan mai mannewa a ganye kamar ɓawo ya bayyana, tsohon burushin goge baki da ruwan sabulu da ɗan man darbejiya sun wadatar, a yi da yamma bayan rana ta yi sanyi.

Malam Habibu, Jos:

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan mako bakwai, domin bai dace in karɓi shawara in yi shiru ba. A ranar da Dakta ya yi magana na yanke shi, kuma sai da na yanka sau uku kafin in isa wuri mai tsabta, ruɓar ta hau sama fiye da yadda ake gani daga waje da kusan taƙi guda. Da na tone gindin da ya rage, na tarar da ruwa kwance a ƙasan ramin, saiwoyin sun zama baƙaƙe suna saɓulewa a hannu, ga gara ta riga ta shiga, kuma indararon ɗakin a daidai wurin yake zuba kamar yadda Dakta ya yi zato. Na barbaɗa farar wuta, na jingine saman a zaure har kwana 26, bakin ya bushe ya yi tauri kamar ƙwarya. Ganye huɗu na ƙasa sun bushe a wannan lokaci, hankalina ya tashi, amma na tsakiya ba su canza ba.

Na dasa shi a babbar tukunyar ƙasa mai huji uku, cikin haɗin Hajiya amma ba tare da taki ba tukuna, na kafa sanduna biyu na ɗaure shi da tsumma don kada iska ta girgiza shi, kuma ban ba shi ruwa ba sai bayan kwana goma sha biyu. Yau da safe na ɗan ja shi a hankali sai na ji ya riƙe ƙasa, kuma akwai sabon ganye ɗan ƙarami da ya leƙo a tsakiya. Na riga na fara tara duwatsu a tsakiyar fili, mita huɗu daga katanga, don yin tudun da Baba ya ce. Tambayata yanzu ita ce, in mayar da shi kan tudun da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, ko in bar shi a tukunya ya wuce hunturu?

Dakta Nasiru, Durban:

Alhamdu lillahi, Malam Habibu, ya kama. Ka bar shi a tukunya ya wuce hunturu, domin sababbin saiwoyin suna da rauni kuma sanyin Jos na Disamba da Janairu zai rage masa kuzari. Ka riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan, ka fara da ta safe, ka shayar da shi kamar sau ɗaya a mako biyu. Tudun ka gama shi tun yanzu ya zauna ya daidaita, sai ka dasa a cikin Maris, yadda zai samu makonni yana kafa saiwa a busasshiyar ƙasa mai ɗumi kafin ruwan Afrilu ya sauka, kuma ka bar masa sandunan har ƙarshen daminar farko.